Ruwan da Ke Cikin Littafi

A wani daji da ke tsakanin koguna biyu, akwai majalisar dabbobi da ke zama a gindin wata tsohuwar tsamiya. Shugabanta wani gwanki ne mai suna Jatau, dogo, mai kyan ƙaho, wanda ya iya tsayuwa a gaban taro. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Aibinsa ɗaya ne: tun ranar da aka ɗora shi a kan majalisa ba a sake jin ya ce "ban sani ba", har shi kansa ya manta yadda ake faɗinta.

Da damina dajin yana da ruwa kamar ko'ina. Amma bayan shekaru masu yawa akan yi wani irin fari wanda kogunan biyu ke ƙafewa har sai yashi, kuma a irin wannan shekara abu ɗaya ne ke tsakanin dabbobi da mutuwa, wata waƙa da ake kira Takun Ruwa. Baiti goma sha biyu gare ta, kowane baiti yana kai mai shi wani wuri da ruwa ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Zuriyar dabgi mai cin gara ce ke riƙe da ita, don su ne gwanayen tono, kuma a lokacin da wannan abu ya faru ta rage a bakin tsohuwa ɗaya tak, Goggo Gwamma.

Waƙar tana da ƙa'idarta. Ba a yin ta a zaune, ba a yin ta da damina. Sai bazara ta tsananta mai koyarwa za ta shiga gaba, mai koyo ya bi ta, a faɗi kowane baiti a daidai wurinsa, a sa hanci a ƙasa, a tona har a ga danshi. Wanda ya haddace kalmomin bai taka ƙasar ba, surutu kawai ya riƙe. Haka aka gada, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

Ana nan wata damina sai ga baƙo ya sauka. Wani farin tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, daga hayin ruwan gishiri, rataye da ƙunshin takardu. Sana'arsa yawo: ya bi dazuzzuka, ya fizge gashin fiffikensa ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa danginsa da ke zaune a gida cikin sanyi suna son jin abin mamaki. Tare da shi akwai wani aku ɗan dajin nan, wanda ya taɓa zama a bakin teku har ya ji harshen baƙon, shi ne tafinta.

A rana ta farko baƙo ya tarar da dabbobi suna shan ruwa a tafkin da kakanninsu suka sha. Ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya rubuta cewa yau ya gano wani tafki, ya raɗa masa sunan gwaggonsa. Dabbobi na kallonsa, bakinsu na ɗigar ruwa. A rana ta biyu ya ƙirga su, ya auna ƙahon Jatau, ya yaba. A rana ta uku ya ce a tara masa majalisa, a kuma kawo tsohuwar da aka ce tana da waƙar ruwa.

Aka kawo Goggo Gwamma, tana ƙyafta ido saboda haske.

Aku ya ce, "Goggo, baƙo ya ji labarinki. Ya ce ki yi masa waƙar yanzu, a hankali, zai rubuta."

Ta ce, "Ka ce masa sannu da zuwa, ya gajiyar hanya. Ka ce masa waƙar nan ba ta zama. Ya dawo da bazara, in rai ya kai mu, in shiga gaba ya biyo ni. Kwana goma sha biyu ne kawai. Amma ya zo da abin tono, don wannan bakin nasa ba zai yi aikin ba."

Aku ya mayar da maganar, ya rage mata tsawo. Baƙo ya ce gobe zai tashi, iska ba ta jira, kuma akwai sauran dazuzzuka tara da bai rubuta ba. Ya sunkuya ya yi rubutu, ana jin ƙarar gashin a kan takarda. Aku ya leƙa, ya matso kusa da kunnen Jatau ya raɗa masa abin da ya gani: baƙo ya rubuta cewa halittun wannan daji ba su da wani ilimi, tsohuwar da aka kawo masa ma ta kasa faɗin komai.

Raɗar ta zaga majalisa, kunya ta rufe kowa. A dajin nan ba a barin baƙo ya tafi hannu wofi, balle ya tafi da irin wannan labari zuwa hayin teku. Duk idanu suka koma kan Jatau. Shi kuwa bai san baiti ko ɗaya ba, bai taɓa bin Goggo ba, kuma bakinsa ya ƙi buɗewa da kalmar da ta dace. Ya ɗaga kai ya duba gabas. Abu mafi girma da idonsa ya faɗa a kai shi ne Farin Dutse, wani ƙaton falale wanda ko ciyawa ba ta fitowa a gindinsa, ko ƙadangare ba ya zama a kansa da tsakar rana. Sai ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Ya baƙonmu mai daraja, kada ka ɗauki shirun tsohuwa a matsayin jahilcinmu. Babban sirri a wurin shugabanni yake zama. Ka ga wancan farin dutse? A zamanin kakanninmu wata ya ji ƙishirwa, ya sauko daga sama ya sha ruwa a can, ya danne sauran da dutsen don kada ya ƙafe. Duk shekarar fari can muke zuwa. Mu ba dutsen baya, mu yi taku arba'in gabas, mu tona. Ba mu taɓa dawowa da ƙishirwa ba."

Aku ya fassara, ya ƙara tsawa da taurari bakwai daga aljihunsa. Gashin baƙo ya kama gudu a kan takarda. Da 'yan majalisa suka ga haka sai kowa ya so a sa shi ciki. Ɓauna ta ce kakarta ta ga saukar watan da idonta. Gadu ya ce shi ya yi tonon ƙarshe. Bika, mai kula da dokokin majalisa, ya ce ruwan ma zaƙi gare shi. Baƙo ya tambayi sunan kowa ya rubuta.

Da taro ya watse, Goggo Gwamma ta tsaya a gefen Jatau. Ta ce, "Ɗan nan, ka dai san abin da ke gindin dutsen can."

Ya ce, "Haba Goggo, baƙo ne fa. Gobe zai tafi. Wa zai tuna?"

Ta juya ta koma raminta.

Bayan shekara uku shamuwa ta zo da damina ɗauke da saƙo daga hayin teku. Littafi ne, mai kauri, mai ƙamshin wata ƙasa. Aka taru a gindin tsamiya, Aku ya karanta musu babin dajinsu. Baƙo ya ce ya same su halittu masu sauƙin kai, masu son tatsuniya kamar yara. Ya ce ɗaya ne a cikinsu ya burge shi, wani gwanki mai suna Jatau, wanda hankalinsa ya kusa kai na tsuntsu. Ya kawo labarin Farin Dutse kaf a shafi na sittin da biyu, da sunan Ɓauna da Gadu da Bika. Goggo kuwa layi ɗaya ta samu: wata tsohuwar halitta mai kunnen jaki da hancin alade, wadda ba ta san komai ba.

Abin da zan faɗa yanzu kunyarsa nake ji, amma haka aka yi. Ba wanda ya ji zafin an kira su yara. Abin da suka ji shi ne an san da su a hayin teku. Aka sa Aku ya maimaita wurin da aka ce hankalin Jatau ya kusa kai na tsuntsu har sau uku, Jatau yana sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Aka yi wa littafin rumfa don kada ruwa ya taɓa shi. Aka koma kiran tafki da sunan gwaggon baƙo, duk da ba mai iya faɗinsa daidai. Kafin damina ta fita Bika ya kawo doka, majalisa ta amince: daga yau duk maganar da ta shafi dajin nan, in tana cikin littafi shaida ce, in ba ta ciki tatsuniya ce, majalisa ba za ta saurare ta ba.

Samarin dabgi suka daina zuwa wurin Goggo. In an tambaye su sai su ce don me za su yi kwana goma sha biyu suna gasa ƙafa a rana, alhali abin yana nan a shafi ɗaya, a inuwa. Duk bazara tsohuwar takan fito ta tsaya a gefen majalisa ta ce, "Jama'a, akwai mai takawa bana?" Ba mai tashi, sai dai wasu su yi murmushi. Jatau yakan sami abin dubawa a saman tsamiya. Abin yana damunsa, ba zan ce ba ya damunsa ba. Kowace shekara yakan ce wa kansa baɗi zai gyara, in ya sami hanyar da ba za ta taɓa shafi na sittin da biyu ba. Bai sami hanyar ba. Daga baya Goggo ta daina fitowa, aka ce ido da ƙafa sun gaza.

Sai farin ya zo. Damina ta yi yayyafi biyu ta ɗauke. Kogin arewa ya ƙafe, na kudu ya bi shi, tafkin gwaggon baƙo ya zama taɓo, taɓon ya tsage. Majalisa ta zauna, ba a ma yi dogon zance ba, don kowa ya san inda amsa take. Aku ya buɗe shafin ya karanta da murya mai ƙarfi, dabbobi suka ɗunguma zuwa Farin Dutse da 'ya'yansu. Aka ba dutse baya, Jatau da kansa ya ƙirga taku arba'in, aka fara tono.

A cikin masu tonon, biyar sun san babu komai a wurin: Jatau, Ɓauna, Gadu, Bika da Aku. Su ne kuma suka fi kowa himma. Ba wanda ya dubi idon ɗan'uwansa. Kowannensu yana jiran wani ya fara magana, kowannensu kuma yana tsoron kada wani ya fara. Ƙasar ta yi tauri, ƙarƙashinta tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwa dutse. A rana ta huɗu hauren Gadu ya karye, ya tofar da shi ya ci gaba. A rana ta biyar aka fara janye gawar ƙananan dabbobi zuwa bayan dutse.

Da hantsin rana ta shida wata barewa mai suna Yalwa ta zo ta durƙusa a gaban Jatau. Tana da 'ya ɗaya, tana kwance a ɗan inuwar dutsen, harshenta a waje.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙorafi na kawo ba. Ku da kuka sha ruwan nan a farin da ya wuce, zurfinsa kamar yaya yake? In sani, in faɗa wa yarinyar nan ta ƙara haƙuri."

Jatau ya dube ta. Kalmar "ban sani ba" ta zo har bakinsa. Ya ce, "Saura kaɗan."

Ta yi godiya, ta koma ta kwanta kusa da 'yarta tana raɗa mata. Kafin azahar yarinyar ta cika. Jatau ya ji kunya irin wadda bai taɓa sanin akwai ta ba. Bai yi wa kowa sallama ba, ya fita daga ramin ya kama hanyar gidan Goggo Gwamma.

Ya same ta kwance a bakin raminta, ta rame, idanun sun yi fari. Ta ji takunsa ta ce, "Jatau ne? Takunka ya yi nauyi."

Ya durƙusa har ƙahonsa ya taɓa ƙasa. Ya ce, "Goggo, ban sani ba. Ban san inda ruwa yake ba, ban taɓa sani ba. Ki yi mini waƙar."

Ta ce, "Ba ta zama, ɗan nan. Ba rowa na yi wa baƙonku ba, ba kuma rowa nake maka ba. In na faɗa maka a nan, za ka je ka wuce ta kan ruwan ba ka sani ba. Ga shi ƙafa ta ƙi."

Ya ce, "To ki hau bayana."

Haka shugaban majalisa ya ɗauki tsohuwar halitta mai kunnen jaki a gadon bayansa, suka kama hanya cikin rana. Ta sa ya kai ta wata kuka mai rassa biyu a yamma da tsamiya. A can ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa: a ba rana baya, a taka har ƙasa ta daina ƙona tafin ƙafa, a nemi surin da gara ta gina da jan yumɓu, a tona a inda inuwarsa ke faɗuwa da hantsi. Suka taka. Takan ce ya tsaya, ya sauke ta, ta sa hanci a ƙasa, ta ce shi ma ya sa. Da farko bai ji komai ba sai ƙura. A karo na huɗu ya ji wani ɗan sanyi can ƙasan hancinsa, ya ɗago da mamaki, ta ce, "To, ka fara ji." Ya tona da kofato da ƙaho. Danshi suka samu, amma bai kai a sha ba, ta ce wannan wurin dama rowa gare shi.

Washegari suka taka baiti na biyu. Ɓauren da waƙar ta ambata ya daɗe da faɗuwa, sai da Goggo ta gano kututturensa da shinshina. Jatau ya tona har tsinin ƙahonsa na dama ya gutsure. Da la'asar ƙasa ta yi baƙi, sannan ta yi laushi, sannan ruwa ya fara tsattsafowa a tsakanin kofatansa. Ya sheƙa da gudu ya kira jama'a, suka zo suka faɗaɗa ramin, suka sha suna kuka.

Ita Goggo ba ta yarda a tsaya ba. Ta ce saura goma, kuma ita ta san abin da take ji a jikinta. Da sassafe ya sake ɗaukarta. Ta fara baiti na uku a gindin wani gawo, ta kai inda ake cewa a bi hanyar tururuwa har ta rabu biyu, sai ta yi shiru. Jatau ya ci gaba da tafiya yana jiran sauran. Ya yi nisa kafin ya gane nauyin da ke bayansa ya canza. A nan ya binne ta, da baiti tara da rabi a cikinta.

Rijiyar ɓaure ta riƙe waɗanda suka rage har ruwan sama ya sauka. Da ciyawa ta fito, majalisa ta zauna a gindin tsamiya, an ragu ƙwarai. Jatau ya miƙe da guntun ƙahonsa.

Ya ce, "Jama'a, ku saurare ni, ba zan daɗe ba. Labarin Farin Dutse ni na ƙirƙire shi, a nan inda nake tsaye. Wata bai taɓa sauka ba, ba mu taɓa tono a can ba. Na ji kunyar baƙon kwana uku ya ce ba mu san komai ba, sai na ba shi ƙarya, ya tafi da ita, ya aiko mana da ita a ɗaure cikin bango, muka karɓa da hannu biyu. Na san ƙarya ce ranar da na ƙirga muku taku arba'in. Na san ƙarya ce ranar da Yalwa ta tambaye ni zurfin ruwa. Ilimin da muke da shi yana wurin tsohuwar da muka bari tana kiran mai takawa shekara da shekaru. Yanzu abin da ya rage baiti biyu ne da rabi, suna ƙafata. Ku sauke ni in kun so, na cancanta. Roƙona ɗaya, in bazara ta zo a sami wanda zai biyo ni."

Ɓauna ta zuba wa ƙasa ido. Gadu yana ta lasar wurin da haurensa ya karye. Yalwa ta tashi daga cikin taro ta yi tafiyarta, ba ta dubi kowa ba.

Can sai Bika ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji, kuma zukatanmu sun karaya. Sai dai majalisa tana da doka, kai ma da kai aka yi ta. Malam Aku, wannan bayani da shugaba ya yi yanzu, yana cikin littafi?"

Aku ya buɗe, ya juya shafuka gaba da baya, ya daɗe yana juyawa fiye da yadda ake buƙata. Ya ce, "Babu."

"Me littafi ya ce shugaba ya ce?"

Aku ya karanta shafi na sittin da biyu, yana sauri a wurin taurari bakwai.

Bika ya ce, "To kun ji. Ga maganar Jatau a rubuce, ga kuma maganar Jatau ta baki. Ba ni na ce ba, doka ce ta ce wadda za a ɗauka. Ni a ganina rana ce ta bugi shugaba, kwana uku yana yawo da kaya a baya. A bar shi ya huta. Batun sauke shi kuwa bai taso ba, ba za mu sauke wanda aka yaba wa hankalinsa a hayin teku ba."

Ɓauna ta ce haka ne, ba ta ɗago ba. Gadu ya gyaɗa kai. Sauran dabbobi, waɗanda suka tona, suka binne 'ya'yansu a bayan dutse, suka dubi juna. Kowa ya ga cewa in maganar Jatau gaskiya ce, to shi ma yana cikin masu murmushi ranar da tsohuwa ke kiran mai takawa. Sai aka ga doka ta fi sauƙin ɗauka. Batun wanda zai bi Jatau da bazara, aka ce za a duba shi a zama na gaba.

Jatau ya koma ya zauna a mazauninsa na shugaba, don ba a ba shi wani wurin ba. Saura a san yadda za a yi da rijiyar ɓaure, tunda kowa ya sha daga cikinta kuma tana can nesa da Farin Dutse. Aka yi shawara mai tsawo cikin natsuwa, aka cim ma matsaya, Aku ya fizge gashin fiffikensa ya rubuta ta a gefen shafin.

Littafi bai yi kuskure ba, ruwan ne ya kwanta nesa da inda aka rubuta shi, kuma majalisa tana sa ran nan gaba zai gyara.